Yadda za ka tsare jarrabawar intanet daga satar amsa ba tare da ka zalunci ɗalibi ba

Duk malamin da aka ce ya mayar da jarrabawarsa intanet, tambayar da yake fara yi ita ce wace manhaja zai saka ta kama masa masu satar amsa. Ni da nake shirya irin wannan jarrabawa, kuma nake zama in kalli bidiyon da manhaja ta tara bayan an tashi, ina ganin tambayar ta zo da wuri. Manhajar sa ido tana da amfaninta, kuma zan faɗi yadda ake saita ta, amma ganinta bai wuce abin da ke gaban kyamara da abin da ke kan allon kwamfuta ba. Wayar da ɗalibi ya ɗora a cinya, ko takardar da ya manna a bango a bayan kwamfutarsa, ba ta san da zamansu ba, iyakarta ta ce idonsa yana yawan kaucewa. Saboda haka aikin yana farawa tun daga rubuta tambayoyi, ya bi ta kan manhaja, ya ƙare a hannun mutumin da zai yanke hukunci. Farkon da ƙarshen su suka fi nauyi, kuma su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ka fara sanin wane irin maguɗi kake gudu

Satar amsa a intanet ba iri ɗaya ba ce, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. Akwai wanda zai buɗe wani shafi a kwamfutar da yake jarrabawa da ita ya nemi amsa, ko ya kwafi tambayar ya liƙa wa ChatGPT. Akwai wanda ba zai taɓa kwamfutar ba, wayarsa ce za ta yi aikin, ko dai ya bincika da kansa ko ya ɗauki hoton tambaya ya tura zauren WhatsApp ko Telegram da 'yan ajin suka buɗe don ranar. Akwai mai sojan gona, wato wani ne daban zai zauna ya rubuta da sunan ɗalibin. Akwai kuma wanda ya fi su wayo: ɗalibin na zaune a gaban kyamara yana motsa hannu kamar mai aiki, alhali wani ne daga nesa yake sarrafa kwamfutar ta manhaja irin TeamViewer ko AnyDesk, ko kuma an jona wani allo na biyu a ɗaki na kusa ana karanta tambayoyin ana raɗa masa amsa ta ƙaramin abin sauraro a kunne.

Ka zauna ka tambayi kanka wanne ne ya fi yiwuwa a ajinka, kuma nawa ne nauyin jarrabawar. Ɗan gwajin mako mai maki 5 bai cancanci a kunna wa ɗalibi kyamara a ɗakin kwanansa ba. Jarrabawar da za a ba mutum shaidar aiki da ita kuwa, ba a barinta a hannun kulle burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) kawai.

Tambayoyin su ne katanga ta farko

Idan kana amfani da Moodle ko Canvas ko makamancinsu, wato dandalin da makarantu ke ɗora darussa da jarrabawa a intanet, kada ka rubuta tambaya 40 ka ba kowa 40 ɗin. Ka gina rumbun tambayoyi, ka kasa shi gida-gida bisa darasi da kuma wahala, sannan ka umarci tsarin ya ɗebo wa kowane ɗalibi nasa daga kowane gida. Idan kana son tambaya 4 daga babi na uku, ka zuba 12 ko 15 masu nauyi ɗaya a gidan babin. A nan ne ake yawan kuskure: sai a zuba masu sauƙi da masu wuya a gida guda, wani ɗalibi ya yi sa'a ya sami masu sauƙi zalla, wani ya haɗu da masu wuya zalla. To ka hana satar amsa amma ka ɓata adalcin jarrabawar. Ka raba gidajen bisa wahala tun farko.

Ka kunna jujjuya jerin tambayoyi da jerin zaɓuɓɓukan amsa, ta yadda wanda ya tura wa abokinsa cewa amsar ta bakwai B ce, ya tura masa abin da zai kayar da shi. Sai dai ka cire zaɓi irin "duka na sama" ko "A da C", domin da zarar an jujjuya su ma'anarsu ta tafi.

Masu koyar da lissafi, kimiyyar lissafin kuɗi, injiniyanci da makamantansu suna da wata dama da ba kowa ke amfani da ita ba. Moodle na da nau'in tambayar da kake rubuta ƙa'idar lissafin sau ɗaya, ka ba shi iyakar lambobi, shi kuma ya canza wa kowane ɗalibi lambobinsa. Tambaya ɗaya ce, amma amsar Wane ba ta Wance ba ce. Wanda ya kwafi amsar wani sai ya tona wa kansa asiri, don za ka ga ya rubuta sakamakon da ya dace da lambobin da ba shi aka ba wa ba. Wannan hujja ta fi duk wani bidiyo ƙarfi. A shekarar 2020 an zargi ɗalibai sama da 70 na makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point a Amurka da satar amsa a jarrabawar lissafi da suka yi daga nesa, kuma abin da ya fallasa su shi ne malamai sun ga kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya a takardunsu. Idon malami a kan amsoshi ne ya kama su.

Maganar lokaci kuma, ka zauna ka amsa jarrabawar da kanka ka ga minti nawa ta ci maka, sannan ka ninka shi kamar sau uku ga ɗalibi. Lokacin ya ishi wanda ya yi karatu, kada ya ishi wanda zai binciko kowace amsa. Kowa ya fara a lokaci guda. Idan ka bar jarrabawa a buɗe daga safe zuwa dare, na safe za su sayar wa na dare da tambayoyi. Ka kuma rufe nuna amsar daidai har sai kowa ya gama, wannan wani ɗan akwati ne a saituna da ake mantawa da shi.

Akwai saitin da ke hana ɗalibi komawa tambayar da ya wuce. Yana rage haɗa baki sosai, domin ba a iya tara tambayoyi a jira amsa daga zaure. Amma ni ba na son sa a kan dukan jarrabawa. Ɗalibin kirki yakan tsallake tambaya mai wuya ya dawo mata, kuma wannan dabara ce mai kyau da mu muka koya masa. Abin da nake yi shi ne in kasa jarrabawar shafi-shafi, kowane shafi da tambaya 4 ko 5, ya yi yawo cikin shafin yadda ya so, amma in ya wuce ya wuce. Ka sanar da su wannan tun kafin ranar.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, akwai gwajin da ya zama dole: ka ɗauki tambayoyinka ka ba shi ya amsa. Duk wadda ya amsa daidai cikin daƙiƙa biyu, ka san waya a cinya ta gama da ita. Tambayar da ta fi jurewa ita ce wadda ta dogara da abin da aka yi a ajinka: bayanan da kuka tattara tare, misalin da kuka warware a mako na shida, zanen da ɗalibi zai duba ya faɗi inda kuskure yake, ko aikin da shi kansa ya gabatar a baya. Ka kuma nemi a nuna hanyar aiki, a rubuta da hannu a ɗauki hoto a ɗora cikin mintuna kaɗan bayan an gama.

Wace manhaja, kuma don me

Manhajojin nan iri uku ne, kodayake kamfanoni kan haɗa biyu su sayar a matsayin ɗaya.

Na farko shi ne burauza mai kulle. Da zarar ɗalibi ya buɗe jarrabawa, sai ta mamaye allon gaba ɗaya, ta hana buɗe wani shafi, ta hana kwafi da liƙawa, ta hana ɗaukar hoton allo, ta rufe wasu manhajoji da ke aiki a bayan fage. Safe Exam Browser, wadda jami'ar ETH Zurich ta Suwizalan ke kula da ita, kyauta ce kuma a buɗe take ga kowa, tana aiki a Windows da macOS da iOS. Respondus LockDown Browser ita ce takwararta ta kasuwa. Google Forms ma yana da yanayin kulle, amma ba ya aiki sai a kwamfutocin Chromebook da makaranta ke sarrafawa, kada ka dogara da shi idan ɗalibai da nasu na'urorin za su yi.

Na biyu shi ne mai naɗar bidiyo da sauti da allo, sannan na'ura ta bi ta sa alama a wuraren da take shakka: fuska ta ɓace, an ga fuska biyu, an ji murya, ido ya kauce. Proctorio da Respondus Monitor suna cikin wannan rukuni. Na uku shi ne mutum mai rai da ke kallon ɗalibi kai tsaye daga nesa, yana iya yi masa magana ko ya dakatar da shi, irin aikin da aka san ProctorU da shi. Wannan ya fi tsada kuma sai an yi rajistar lokaci, amma shi ya fi maganin sojan gona.

Idan ajinka bai wuce mutum 25 ko 30 ba, akwai hanya mai sauƙi da na fi amincewa da ita fiye da yawancin manhajojin kasuwa. Ɗalibi ya yi jarrabawa a kwamfuta cikin burauza mai kulle, sannan ya shiga taron Zoom ko Google Meet da wayarsa, ya jingine ta a gefe ta yadda za ka ga hannayensa, teburinsa da allonsa. Ka kashe tsuntsu biyu: kana ganin abin da kyamarar gaba ba ta gani, kuma wayar da zai yi satar amsa da ita ta zama mai gadinsa. Tabbas mai waya biyu yana nan, amma yanzu hannunsa a fili yake. Mai sa ido ɗaya kada ya wuce fuskokin da zai iya gani a allo guda ba tare da ya juya shafi ba.

Saita Safe Exam Browser a Moodle

Tun sigar 3.9 da ta fito a 2020, Moodle ya shigar da Safe Exam Browser cikin saitunan jarrabawa, ba sai ka ɗora wani ƙari ba. Ka buɗe saitunan jarrabawar, ka gangara sashen da ke ɗauke da sunan burauzar, ka zaɓi a tilasta amfani da ita. Za ka ga zaɓin ka saita da hannunka ko ka ɗora fayil ɗin saiti da ka riga ka haɗa. Ga mai farawa, saitin hannu ya isa.

Ka sa kalmar sirri ta fita, wadda kai kaɗai da masu taimaka maka kuka sani, don kada ɗalibi ya fice ya dawo yadda ya ga dama. Idan jarrabawar na buƙatar wani shafi na waje, misali ƙamus ko teburin ƙididdiga, ka kunna tace adireshi ka rubuta wannan shafin kaɗai. Ka bar maɓallin sake loda shafi a kunne, domin ranar da sabis ya tsinke shi ne zai cece ka daga kiraye-kiraye. Ka bar alamar batir da agogo su bayyana. Ita burauzar tana ƙin tashi idan ta gano an buɗe ta cikin kwamfutar bogi da aka girka a cikin wata kwamfutar, kuma ana iya hana ta aiki idan an jona allo fiye da ɗaya. Ka tabbata ba ka kashe waɗannan biyun ba.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe: duk lokacin da ka canza saiti bayan ɗalibai sun sauke fayil ɗin saitin da suke shiga jarrabawar da shi, tsohon fayil ɗin ya daina aiki, domin Moodle yana duba ko saitin da ke hannun ɗalibi ya yi daidai da na jarrabawar. Ka gama duk gyare-gyarenka kwana biyu kafin ranar, ka ɗauke hannunka.

Jarrabawar gwaji

Mako guda kafin ranar, ka buɗe wata ƙaramar jarrabawa marar maki da saiti iri ɗaya sak da na gaske, ka wajabta wa kowa ya shiga. Tambayoyin su zama na wasa, ba su ne abin nema ba. Abin nema shi ne ka gano wanda kwamfutarsa ta tsufa ba ta karɓar manhajar, wanda kyamararsa ba ta aiki, wanda kwamfutar wurin aikinsa ce ba a ba shi izinin girka komai ba, da wanda ba shi da kwamfuta sam yana jin kunyar faɗa. Waɗannan duka suna nan a kowane aji. Ka tanadar musu ɗaki a makaranta da mai sa ido na zahiri, kada kuma ka sa su ji kamar alfarma ka yi musu.

A wannan gwajin ne kuma za ka ga matsalar fuska. Manhajojin da ke gane fuska ba sa yi wa kowa aiki daidai. A 2019 hukumar NIST mai kula da ma'aunai da fasaha ta Amurka ta gwada tsare-tsaren gane fuska 189, ta kuma gano cewa da yawansu sun fi yin kuskure a kan fuskokin 'yan Afirka da 'yan gabashin Asiya fiye da na Turawa. A aikace, abin da nake gani shi ne ɗalibi mai duhun fata yana zaune a gaban kyamara manhaja tana ce masa ba ta ga kowa ba, ko kuma ta bar shi ya shiga amma ta cika rahotonsa da alamar "fuska ta ɓace". Ka gaya wa kowa ya sa haske a gabansa, kada taga ta kasance a bayansa. Idan duk da haka ta ƙi, kai ne za ka tantance shi da idonka ka buɗe masa, kuma ka rubuta sunansa a gefe don ka san yadda za ka karanta rahotonsa daga baya. Haka ma ɗalibar da ke rufe fuska: a shirya mata mace ta tantance ta a keɓe kafin a fara.

Ka rubuta dokoki a shafi guda

Rabin alamomin zargi da manhaja ke sakawa daga rashin bayani suke fitowa. Ka rubuta a sarari abin da aka yarda ya kasance a tebur: farar takarda nawa, na'urar lissafi wace iri, ruwan sha. Ka faɗi ko an yarda a tashi zuwa banɗaki, da abin da za a yi kafin a tashi. Ka faɗi wane katin shaida za a nuna. Ka faɗi abin da ake naɗa, wanda zai kalla, inda za a ajiye, da ranar da za a goge. Ka sa lambar da za a kira idan abu ya lalace, kuma ranar jarrabawa a sami mai ɗaga wayar.

Dokar yankewar intanet ko wuta ita ce ta fi muhimmanci, kuma ita ce ake barin ta sai abin ya faru. Tawa ita ce: wanda ya yanke ya sanar nan take ta lambar da aka bayar, idan ya dawo cikin minti 10 ya ci gaba a ƙara masa lokacin da ya rasa, idan ya wuce haka a rufe wannan zaman a ba shi wata jarrabawar daga rumbun. Moodle na ajiye amsoshi lokaci-lokaci da kansa, kuma yana ba ka damar ƙara wa mutum ɗaya lokaci ba tare da ka taɓa na sauran ba. Da wannan damar ce kuma za ka ƙara wa masu buƙata ta musamman lokacinsu tun kafin a fara. Wanda ke amfani da manhajar karanta allo saboda matsalar gani, ka gwada tun da wuri ko kullen burauza bai toshe ta ba.

Batun zagaya ɗaki da kyamara kafin a fara, ka yi hattara. A watan Agusta na 2022 wata kotun tarayya a jihar Ohio ta yanke hukuncin cewa jami'ar Cleveland State ta keta haƙƙin wani ɗalibi da ta sa shi ya nuna ɗakin kwanansa kafin jarrabawa. A ɗaya ɓangaren, wata kotu a Amsterdam ta amince wa jami'ar birnin ta yi amfani da Proctorio a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe azuzuwa. Dokar kowace ƙasa daban ce, don haka ka tambayi sashen shari'a na makarantarku kafin ka kunna wannan saitin. Ni dai a ganina amfaninsa kaɗan ne: wanda zai ɓoye waya zai ɓoye ta har a gama zagayen sannan ya ɗauko. Nuna saman tebur da ƙarƙashinsa ya wadatar, sauran ɗakin ba ruwan jarrabawa da shi.

Bayan an tashi: karanta rahoton

Nan ne ake yi wa ɗalibai ɓarna mafi yawa. Manhaja za ta ba ka jerin sunaye da launi ja da rawaya da kore, wani lokaci har da maki na "yawan shakku". Kada ka ɗauki jan launi a matsayin laifi. Ma'anarsa kawai ita ce ga wurin da ya kamata ka duba. A jarrabawar zama lauya ta jihar Kalifoniya da aka yi ta intanet a watan Oktoba na 2020, manhaja ta sa wa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna alamar zargi, mutum sama da 3,000, kuma da aka bincika an wanke mafi yawansu. A 2021 kamfanin ProctorU da kansa ya sanar da daina sayar da sa idon na'ura zalla ba tare da mutum ya duba ba.

Abubuwan da na sha gani a bayan jan launi: hoton mutum a jikin bango da manhaja ta ƙirga a matsayin fuska ta biyu, ɗalibin da ke karanta tambaya a fili don ya fahimta, wanda ke kallon rufin ɗaki idan yana tunani, yaro da ya turo ƙofa yana neman uwarsa, wanda ya sunkuya yana lissafi a takardar da ni na ba shi izinin amfani da ita. Idan ka ƙara ƙarfin saitin gano motsi, irin waɗannan za su yi maka yawa har ka gaji ka daina kallo da kyau. Ka bar shi a tsakiya.

Yadda nake kallo shi ne, ba na farawa daga daƙiƙar da aka sa wa alama. Ina komawa baya minti ɗaya ko biyu, in wuce gaba kamar haka, sannan in buɗe rajistar jarrabawar, wato bayanan da tsarin ke ajiyewa na abin da ɗalibi ya danna da lokacinsa, a gefe in ga wace tambaya yake kai a lokacin. Abin da nake nema shi ne abu mai maimaituwa da ya haɗu da amsa: ido ya sauka wuri ɗaya, ya daɗe, ya ɗago, sai ga doguwar amsa ta fito a tsare cikin 'yan daƙiƙu, kuma haka ta faru a tambaya bayan tambaya. Ko alamar linzami tana yawo a allo alhali hannayensa biyu suna bayyane ba sa motsi. Ko ɗalibai uku da suka miƙa amsa iri ɗaya marar daidai a tsakanin minti guda. Ka kuma ɗauki wasu daga cikin masu launin kore ka kalla, domin ƙwararren mai maguɗi ya san yadda zai zauna shiru.

Rajistar ma kada ka yarda da ita ido rufe. A 2021 makarantar koyon likitanci ta jami'ar Dartmouth ta tuhumi ɗalibai 17 da buɗe darussa a Canvas lokacin jarrabawa, bisa abin da rajista ta nuna. Daga baya ta janye tuhumar ta nemi afuwa, bayan an nuna cewa shafin da aka bari a buɗe a wata waya ko kwamfuta yana iya sabunta kansa ya bar sawu ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su fita daga asusunsu na dandalin karatu a duk wata na'ura kafin su fara. Manhajojin da ke da'awar gane rubutun ƙirƙirarriyar basira su ma haka: kamfanin OpenAI mai ChatGPT ya janye nasa a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurensa. Ba na kai ɗalibi gaban kwamiti da irin wannan sakamako shi kaɗai.

Idan shakkar ta tsaya da ƙafarta bayan duk wannan, ka kira ɗalibin cikin kwana biyu ko uku, tun abin bai fita daga kansa ba, kuma a sami malami na biyu a wurin. Kada ka fara da zargi. Ka buɗe amsarsa ka ce ya bi da kai yadda ya kai ga wannan sakamako, sannan ka canza lamba ɗaya ko sharaɗi ɗaya ka ce ya sake. Wanda ya yi aikinsa zai iya, ko da yana rawar murya. Wanda aka yi wa zai tsaya a layin farko. Daga nan ka nuna masa bidiyon ka saurari bayaninsa, ka rubuta abin da aka faɗa, ka miƙa wa kwamitin ladabtarwa idan akwai dalili. Kai mai kawo hujja ne, hukunci na kwamiti ne bisa dokar makaranta, kuma ɗalibi yana da damar ɗaukaka ƙara.

Wannan ganawar ta baki tana da amfani ko babu zargi. Ka sanar tun farkon zango cewa bayan kowace jarrabawa za a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a su yi bayanin amsoshinsu na minti 5. Wanda ya san ana iya kiransa gobe ya kare abin da ya rubuta, lissafinsa game da hayar mai rubuta masa yakan canza.

Bidiyon da ka tara

Abin da ke hannunka bayan jarrabawa fuskokin mutane ne, da katunan shaidarsu, da cikin ɗakunansu. A 2020 an saci bayanan masu amfani da ProctorU sama da 400,000 aka baza a intanet, don haka ba abin wasa ba ne. Kada ka sauke bidiyo a kwamfutarka ta gida, kada ka tura wa abokin aiki ta WhatsApp don ya ga abin dariya. Ka taƙaita masu izinin kallo ga waɗanda ke da hannu a jarrabawar. Ka duba yarjejeniyar da makaranta ta yi da kamfanin ka ga a wace ƙasa ake ajiye bayanan da kuma wa'adinsu. Idan kuna da ɗalibai a ƙasashen Tarayyar Turai, dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a 2018 tana iya hawa kanku. Da zarar wa'adin ƙorafi kan sakamako ya wuce, ka goge komai in ban da na waɗanda shari'arsu ke gaban kwamiti, sannan ka tura wa ɗalibai saƙo cewa an goge, tare da bayanin yadda za su cire manhajar daga kwamfutocinsu.